Japan ɗin da na sani a fim

Jiya da daddare na sake kallon Black Rain, fim ɗin 1989 da Michael Douglas ya fito a ɗan sandan New York mai farautar ɗan yakuza, wato ƙungiyar 'yan daba ta Japan, a Osaka. Ina yaro na ɗauka Japan ke nan: hayaƙi, babura, da yanke ɗan yatsa don neman afuwar maigida.

Wannan karon Ken Takakura, wanda ya fito a ɗan sandan Osaka, na zuba wa ido. Mutum a garinsu, ya san aikinsa, amma wai sai baƙo mai tsawa ya zo ya koya masa karya doka. Haba! A shekarar kamfanin Sony na Japan ya sayi Columbia Pictures, kamfanin fina-finai na Amurka, Amurkawa na tsoron kuɗin Japan, kuma tsoron ya cika fim ɗin.

Ƙanena kuwa baburan kawai yake tambaya.