Tsohon fim ɗin da na wanke da hannuna

Jiya da daddare na wanke fim ɗin kyamara mai launi a gida, karo na farko. Wa'adinsa ya ƙare shekara 20 da suka wuce. ISO ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin kama haskensa, 400 ne, amma tsohon fim ƙarfinsa na kama haske raguwa yake yi, shi ya sa lokacin ɗaukar hoto na saita kyamara a ISO 100.

Wahalar tana wajen zafin ruwa. Sinadarin farko na C-41, wato tsarin wanke fim mai launi, digiri 38 yake so, minti 3 da daƙiƙa 15. Ina riƙe da ma'aunin zafi, gabana sai faɗuwa yake yi.

Da fim ɗin ya bushe na sa shi a sikana, wallahi na daɗe ina kallo. Inuwa ta ja zuwa kore, hoton ya yi tsaki-tsaki, amma fuskar mahaifiyata ta fito ras, tana dariya.