Daga Colombo zuwa Jaffna a jirgin Yal Devi

Ganyen shayi muka je sarowa Colombo a ƙasar Sri Lanka, da muka gama na ce wallahi sai na leƙa Jaffna ɗin nan ta arewacin ƙasar da muke jin sunanta a rediyo tun muna yara. Da asuba na hau jirgin ƙasan Yal Devi a tashar Fort, tafiyar kusan kilomita 400 ce, kuma jirgin ma yaƙin gwamnati da 'yan awaren Tamil Tigers ya hana shi zuwa can tun 1990 sai a 2014 ya sake isa. Muna wuce Vavuniya ƙasa ta bushe, giginya ta fara bayyana ko'ina sai ka rantse gida ka nufa.

Wani dattijo Batamile, tsohon malamin makaranta, ya miƙo min vadai, abu ne kamar ƙosai amma ya fi tauri, na ce Baba na gode, daga nan fa hira ta ɓarke har Kilinochchi. Shi a ganinsa ba 1983 da yaƙin ya ɓarke aka fara rigimar ba, tun 1956 ne da firaminista Bandaranaike ya mai da Sinhala, yaren masu rinjaye, shi kaɗai harshen gwamnati. Yaƙi ya ƙare a watan Mayun 2009, Baba ba ya son a raba ƙasa, ya ce ya binne mutane sun ishe shi. Abin da yake nema yana nan a rubuce tun 1987, gyara na 13 ga tsarin mulki da ya biyo bayan yarjejeniyar firaministan Indiya Rajiv Gandhi da shugaban Sri Lanka Jayewardene, aka kafa majalisun larduna, aka ce za a ba su iko kan filaye da 'yan sanda, har yau shiru. Lardin arewa sai 2013 ya yi zaɓe, Wigneswaran ya hau kujerar babban ministan lardin, wa'adi ya ƙare a 2018, gwamnan da Colombo ta naɗa ya ci gaba da riƙe komai. Su kuwa mutanen kudu da yawa da sun ji kalmar tarayya sai su ji kamar an ce ɓallewa. Nan na yi dariya, ya tambaye ni dalili, na ba shi labarin cacar bakinmu kan 'yan sandan jihohi.

A Jaffna na ga laburaren garin da aka ƙona a 1981, an sake gina shi fari fat. Har zan tafi ina ganin gaskiyar Baba ce ɗari bisa ɗari, sai Juma'a ta riske ni a unguwar Musulmi, inda 'yan Tamil Tigers suka kore su kaf a Oktoban 1990 cikin 'yan awoyi, da yawa suka ƙare a Puttalam. Su ma Tamil suke ji fa! Wani mai shago ya ce shi bai ƙi a ba arewa ikonta ba, amma a fara rubuta masa a tsarin mulkin wa zai kare shi daga masu ikon. Ban da amsa, sai na sayi ruwan kwakwa na nemi adaidaita zuwa tasha.