Tambarin da Na Zana wa Kawuna Mai Gyaran Famfo

Kawuna ya haura shekara 20 yana aikin famfo a Kano, amma tallarsa ba ta taɓa wuce lambar wayar da yake rubutawa da ragowar fenti a jikin katangar gidan da ya yi wa aiki ba. Da masu ba da kwangilar gidaje suka fara neman rasit mai hatimi, sai ya yi rajistar sunan sana'arsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, tunda kai ne ɗan kwamfuta, ka yi mini tambari irin na manya."

Na ɗauki abin da zafi. Kwana uku ina kan manhajar zane ta CorelDRAW. Na zana ɗigon ruwa mai sheƙi, shuɗinsa yana narkewa daga duhu zuwa haske, sifana biyu a gicciye a bayansa, bututu ya kewaye su, sunan kuma da rubutu mai lanƙwasa. Kawu ya gani a fuskar kwamfuta ya yi ta sa mini albarka.

Mai yin hatimi ne ya fara nuna mini inda gizo ke saƙar. Ya dangwala a tawada, ya buga a takarda, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Dunƙulen tabo kawai na gani, babu ɗigo babu sifana. Hatimi abu biyu ya sani: ko tawada ta taɓa takarda, ko ba ta taɓa ba. A wurin buga kati kuma shuɗin nan mai ƙyalli ya fito a dushe, yana neman komawa algashi, domin fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu. Mai buga riguna shi ma ya ce kowane launi da nasa allon da nasa kuɗin. Kuɗin Kawu ne ke tafiya, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Sai na rufe kwamfutar, na bi shi aiki kwana biyu ina riƙe masa jakar kaya. A wani gida muka tarar tanki ya kwana yana ambaliya, tsakar gida ta zama tafki. Matar gidan ta ce tun dare take haska katanga da fitilar waya tana neman lambarsa, ashe sabon fenti ya shafe ta, sai da safe ta aika yaro har shago. A nan na gane wanda nake yi wa zanen: mutumin da ruwa ya rutsa da shi, hankalinsa a tashe, ga duhu.

Da fensir na sake farawa. Kan famfo ɗaya, ɗigo ɗaya a ƙarƙashinsa, baƙi a kan fari. Na buga shi daidai girman farcen babban yatsa, na manna a bango, na ja da baya. Duk layin da ya ɓace wa idona sai na kaurara shi ko na cire. Bayan nan ne na ba shi launi, shuɗi mai duhu kaɗai. Na guji ja, saboda rana tana saurin cinye shi. Lambar waya ta fi komai girma, kuma na raba alƙalumanta 11 gida uku, huɗu da uku da huɗu, don mai karantawa ya iya riƙewa yana dannawa.

Haruffa sun ci mini lokaci. Akwai ƙ a sunan shagon, kuma yawancin salon rubutu masu kyau ba su da ita, sai dai ka ga wani ɗan akwati a gurbinta. Wasu kan sa k su wuce, ni kuwa raina bai yarda a ɓata sunan mutum a kan ƙofarsa ba. Salon rubutu na Noto Sans na da ɓ da ɗ da ƙ, da shi na yi aiki, sannan na mayar da rubutun zane kafin in kai wa masu bugu, don kada kwamfutarsu ta sauya shi. Na kuma sa tambarin a tsakiyar da'ira, tunda WhatsApp yana yanke kusurwoyin hoton profile.

Mun ɗan ja da Kawu. So yake a jera komai: tanki, burtsatse, banɗaki, injin jan ruwa. Na ce, "Kawu, ka bar wa bayan kati wannan, sitika ta ɗauki famfo da lamba kawai." Ya yi shiru, can ya ce to, Allah ya sa albarka.

Sitikar ta leda muka buga don kada ruwa ya jiƙa ta. Yanzu duk inda ya gama aiki yakan goge gindin tanki da tsumma, ya manna ɗaya daidai inda ido zai sauka. Mai rubutun allo ma ya kwafi tambarin da buroshi a ƙofar shago, bai ko nemi a buga masa samfuri babba ba, daga katin ya duba. Watannin baya wani sabon ɗan haya ya kira Kawu bayan sallar isha'i, bai taɓa jin sunansa ba, ya ce a jikin tanki ya ga lambar.