Dattijon da Na Gani a Filin Besbol

Lokacin da nake karatu a Austin, jihar Tekzas, wani abokina ya ja ni kallon wasan besbol na jami'a, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda. Ban gane komai ba. Can sai ya nuna min wani dattijo a gefen fili, ya ce ga Augie Garrido nan, kocin ƙungiyar jami'ar Tekzas.

Da can shi ma ɗan wasa ne. Ya buga wa jami'ar Fresno State, ya yi shekaru a ƙananan rukunonin ƙungiyar Cleveland, bai taɓa hawa babban rukuni ba. A aikin koci ne tauraronsa ya haska. Ya ci kofin ƙasa na jami'o'i sau uku da jami'ar Cal State Fullerton, a 1979, 1984 da 1995, ya ƙara biyu da Tekzas a 2002 da 2005.

Ni salonsa ne ya kama zuciyata. Maimakon kowa ya dage sai ƙwallo ta haye katanga, yaransa sukan tare ta da sanda a hankali, mai bugun ya yarda a fitar da shi don abokinsa ya matsa gaba. Wallahi abin ya burge ni.

Ya ajiye aikin a 2016 da nasara a wasanni 1,975. Ranar da labarin rasuwarsa ya riske ni a watan Maris 2018, na daɗe zaune shiru.