Na maida akwatin tsohon bidiyo gidan kwamfuta

Jama'a, a cikin duk tarkacen lantarkin da ake jibgewa a gida idan sun daina aiki, ni a ganina babu wanda ya kai tsohon bidiyo dacewa a maida shi gidan kwamfuta, ina nufin irin mai cin kaset ɗin nan na VHS. Da shi na yi nawa, kuma tun da na gama mutane ke tambayata yadda aka yi, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta abin da na gani a aikin.

Kamfanin JVC ne ya fito da VHS a 1976, aka yi ta ƙera injinansa tsawon shekara 40, sai a 2016 Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage yana yi, ya tsaya. To kun ga yanzu babu sabo, wanda ya mutu ya mutu kenan. Don haka roƙona na farko, don Allah in bidiyon yana aiki a ƙyale shi. Akwai mutane da yawa da kasusuwansu na da ke ajiye suna neman injin da zai karanta musu su kwafe, ba daidai bane a farke lafiyayyen inji saboda ana son akwatinsa. A nemi wanda kansa mai karanta kaset ya lalace ko wanda ke tauna kaset, irinsu sun fi yawa ma.

Abin da ya ja ni gare shi fuskarsa ce. Maɓallai a jere, ƙofar kaset da ke lotsawa ciki idan ka tura ta da yatsa, ga baƙin gilashin da agogo ke fitowa. An ƙera shi ne dama don ya zauna a ƙarƙashin talabijin, saboda haka kwamfutar kallo ko ta ƙananan wasanni tana shiga ciki ta zauna daram ba wanda zai ce bata dace da wurin ba. Amma fa fuska ba ita ke yanke hukunci ba. Tsayin akwatin da kuma yadda iska za ta shiga ta fita, su ne za su ce maka aikin zai yiwu ko ba zai yiwu ba, kuma tun kafin ka sayi komai ya kamata ka san amsar.

Faɗi ba matsala bane. Manyan injinan da yawa faɗinsu na kaiwa wajen santimita 43, shi kuma madabod (babban allon kwamfuta da ake haɗa komai a kansa) ɗin da ya dace, wato Mini-ITX wanda kamfanin VIA ya fito da shi a 2001, santimita 17 ne kowane gefe. Na ATX da Intel suka kawo a 1995 kuwa 30.5 ne a 24.4, ko ya shiga to ya cinye wurin duka, ni ban ba da shawararsa ba. Inda ake shan wuya shi ne tsayi. Ka cire murfi ka auna daga ƙasan akwatin ta ciki zuwa inda murfin ke sauka, sannan ka fara lissafi: ƴan ƙafafun tagullan da madabod ke zama a kansu kusan milimita 6, kaurin madabod ɗin kansa milimita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da mazauninsa, sai mai sanyaya shi a sama. Akwai gajerun masu sanyayawa irin Noctua NH-L9i da tsayinsa milimita 37 ne kacal har da fankarsa. Bayan duk wannan dole a bar fili tsakanin fanka da murfi, in ba haka ba fankar za ta yi ta juyawa ne tana kuka ba abin da take shaƙa. Ni da kwali na fara, na yanka girman madabod, na naɗe wani kwalin ya zama girman fawa saflai, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, na yi ta jujjuya su a cikin akwatin har na ga zaman da ya bar wa wayoyi hanya. Kwali baya ƙonewa kuma baya ɓata maka rai in ka yanka ba daidai ba.

Fawa saflai na ATX da aka saba gani kaurinsa milimita 86 ne, yawanci ba zai bari murfi ya rufu ba. Akwai ƙanana, na SFX 63.5 ne, Flex ATX kuma 40.5, sai dai ƴar fankarsa ƙarama ce tana da ƙara in ya ɗau zafi. Akwai kuma picoPSU, ɗan mitsitsi da ake sokawa kai tsaye a soket ɗin madabod mai fil 24, wutar ta zo masa daga adafta a waje irin na laftof. Shi na zaɓa domin ba kati na hoto mai cin wuta a tawa, kuma da shi babbar wuta bata shiga akwatin kwata-kwata, volt 12 ne kawai ke shiga. Duk wanda ka zaɓa dai kar ka kuskura ka cire masa rigarsa ta ƙarfe wai don ya shiga, na ga ana yi a intanet kuma wallahi ganganci ne. Shi ma tsohon allon wutar bidiyon a cire shi gaba ɗaya da wayarsa, kuma a yi hattara da babban kafasitan da ke kai, yana iya riƙe wuta ko bayan an zare soket, a gwada shi da mita kafin a kai hannu.

To sai maganar iska, nan nake so a tsaya sosai. Bidiyo baya cin wuta, yawancinsu basu wuce wat 20 zuwa 30 ba, shi ya sa ƴan tsagogi kaɗan aka yi masa kuma sun ishe shi. Furosesa na tebur shi kaɗai yana iya fitar da zafin wat 65, to ka ɗauki wannan ka rufe a akwatin da ba'a yi shi don haka ba, kamar ka sa wa mutum rigar sanyi ne kace ya yi gudu a rana. Ba lallai ya ƙone nan take ba, abin da zai faru shi ne idan zafinsa ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudu da kansa don ya tsira, kai kuma kana ta mamakin me yasa sabuwar kwamfuta ke nauyi. Abin da na yi, na huda ramuka da yawa a murfin daidai saitin fankar furosesa yadda za ta ja iskar waje kai tsaye, sannan a gefe na sa fanka mai milimita 80 tana fitar da mai zafin. Dole a samu mashiga da mafita, kuma kar su kasance kusa da juna, in ba haka ba iskar da ta fita ita za ta sake dawowa. Ramukan saman na lulluɓe su da raga ta ciki saboda ƙura. Kuma tunda ta sama take shaƙa, ba'a ɗora mata komai a kai, wanda da can kowa ya san saman bidiyo wurin ajiye kasusuwa da rimot ne.

Zaman madabod kuma, injinan farko ƙasansu ƙarfe ne, na baya-bayan nan roba ce mai cike da ƙusoshi da tudun da aka yi don injin kaset, sai ka yanke su ka goge da magagari. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a samo mataccen gidan kwamfuta a yanko farantin da madabod ke zama a kai tare da bayansa, an huta da auna ramuka huɗun da ake ɗaure madabod da su, an kuma huta da yanka tagar baya da ramukan soka wayoyi ke leƙowa, wadda dole ta zo daidai, kusan santimita 15.9 a 4.4. Duk huji da yanka a gama su kafin madabod ya shigo, a kakkaɓe a goge tas, don ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda ɗaya in ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu ya isa ya kashe allon.

Wurin da ya fi min daɗi shi ne maɓallai. A bayan fuskar bidiyon akwai siririn allo mai ƴan ƙananan makunnai, irin waɗanda in ka danna su haɗa in ka saki su rabu, kuma ainihin irinsu kwamfuta ke buƙata. Na kankare layukan tagullan da suka haɗa makunnin da sauran allon don ya zama shi kaɗai, na liƙa masa waya biyu da dalma, na kai su fil biyun da aka rubuta PWR_SW a madabod, ba ruwansa da wacce waya ta je ina. Ɗan fitilar da ke nuna an kunna ne wayoyinsa ke da gaba da baya, in bai kama ba sai a juya. Lokacin da na danna tsohon maɓallin nan da ya yi shekaru ba'a taɓa shi ba, na ji fanka ta tashi, gaskiya na ji daɗi har cikin raina. Masu amfani da tsohuwar amfilifaya ko rediyo su lura, makunninsu sau da yawa mai maƙalewa ne in an danna, kwamfuta za ta ɗauka ka danne ne baka saki ba, bayan kamar daƙiƙa 4 sai ta mutu, irin wannan sai an canza shi. Ƙofar kaset ɗin ban taɓa ta ba, a bayanta na ɓoye ramukan USB, ka tura ta ciki ka soka filashi.

Abu biyu ne nake cewa a bar su sam, kar a maida su gidan kwamfuta. Talabijin mai ƙwan gilashi, wanda wutar cikinsa ke kaiwa wajen volt 25,000 kuma ƙwan na iya riƙe ta bayan an kashe, ga shi in ya fashe tarwatsewa yake. Sai maikurowef, kafasitansa na ɗaukar kusan volt 2,000 kuma yana kisa. Hotunansu na da kyau in an gama, amma in ba aikinka bane gyaransu kar ka buɗe.

Kayan cikin da aka kwashe, moto da alluna da wayoyi, a kai wa masu sake sarrafa su kar a zuba a shara ko a ƙona. Rahoton da ITU da UNITAR, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fitar a 2024 yace a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata.

Idan an gama haɗawa a gwada da murfi a rufe, don a buɗe kowace kwamfuta sanyi take. A sa mata aiki mai nauyi na kamar rabin awa ana kallon zafin a manhaja irin HWMonitor, in yana ta hawa bai tsaya ba to a ƙara ramuka ko a sake wa fanka wuri. Tawa yanzu abin da ya rage shi ne gilashin agogon, tsohon yana buƙatar irin wutarsa daban da ba zan iya ba shi cikin sauƙi ba, saboda haka ƙaramin allo nake so in sa a bayan gilashin ya riƙa nuna lokaci da zafin furosesa.