Ribar da ta cinye mana uwar kuɗi a kasuwancin kofi

Kamfaninmu ƙarami ne, a unguwar Nasarawa yake cikin birnin Kano, aikinsa kuma shi ne sayo ɗanyen kofi mai daraja, a soya shi a inji, a niƙa wa mai so, sannan a kai wa otal-otal da gidajen abinci da ɗaiɗaikun mutanen da harshensu ya wuce Nescafé na teburin mai shayi. Irin kofin da muke harka da shi shi ne wanda masu ɗanɗano ke ba wa maki 80 ko fiye cikin 100, kuma mafi yawansa daga Habasha muke samo shi, daga yankunan Yirgacheffe da Sidama. Samun injin suya, da rajistar NAFDAC, da jawo abokan ciniki na farko, duk sun zo da sauƙi fiye da yadda aka tsoratar da mu. Wurin da muka sha wuya daban ne, kuma har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna cewa a lokacin da abin yake faruwa murna muke yi.

Mutanen da suka zuba mana jari ba su da yawa, kuma babbansu wani dattijo ne ɗan Kantin Kwari, aminin mahaifina, wanda bai taɓa kai kofinmu bakinsa ba. Na je masa da takardu cike da bayanin yadda matasan Kano ke karkata ga shan kofi, da labarin yadda Nestlé ya sayi kaso mafi girma na kamfanin Blue Bottle na Amurka a 2017, don in nuna masa cewa harkar tana da makoma. Bai buɗe takardun ba. Tambaya biyu ya yi mini: da wane kuɗi kake saro kayan, kuma idan suka yi kwantai, wata nawa za su jure? Na ce, ranka ya daɗe, da dala ake sari, ɗanyen yakan kai shekara idan an adana shi da kyau, amma soyayyen makonni kaɗan ne ƙamshinsa yake fara gushewa. Ya ce, ɗana, atamfa tana shekara a shago ba ta canza ba, naka kuwa kaya ne mai gudu, kuma kuɗin sarinsa ma mai gudu ne. Duk da haka ya ba da kuɗinsa bisa tsarin musharaka, a raba riba, a raba asara.

Mun yi babban sari a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 750 a hannun 'yan canji na Wapa. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mu kuwa buhunanmu suna jibge a sito, an riga an biya kuɗinsu da tsohon canji, saboda haka muka ci gaba da lissafin riba a kan abin da muka kashe wajen sari. Mun ɗan ƙara farashi, ciniki ya yi kyau, littafi ya nuna riba mai gwaɓi, har muka raba wa masu jari kasonsu cikin alfahari. Sai da sito ya kusa zama fayau, na tattara duk abin da ke asusu, uwa da riba, na nemi farashin sabon sari, sannan na ga cewa kuɗin ba za su dawo mana da ko kusa da yawan buhunan da muka sayar ba. Ashe abin da muka raba da sunan riba wani yanki ne na jarin kansa.

Kafin mu farfaɗo sai kasuwar duniya ta ƙara mana nata. Fari ya taɓa gonakin Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman kofi, ya kuma taɓa Vietnam mai bi mata, sai farashin arabika, wato nau'in kofin da muke harka da shi, a kasuwar New York ya haura dala 3 kan laba ɗaya (kusan rabin kilo) a ƙarshen 2024, ya kuma wuce dala 4 a Fabrairun 2025, abin da ba a taɓa gani ba. Kofin Habasha mai daraja ba ya bin wannan farashi sau da ƙafa, amma idan ya tashi, kowa sai ya ɗaga nasa. Ga kuma wani abu da mai zuba jari ba ya ganewa sai ya tsaya gaban inji: kilo ɗaya na ɗanyen kofi idan ya fito daga suya, ya yi launin ƙasa-ƙasa yana ƙara kamar gugguru, ba ya cika kilo, domin yakan rasa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa. Kowane ƙari a kan ɗanye, ya fi haka nauyi a kan soyayye.

Taron da muka yi da masu jari bayan haka bai yi daɗi ba. Ɗaya daga cikinsu, ma'aikacin banki, ya tunatar da mu cewa kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, don haka mai kuɗi yana da wuraren ajiya da ba sai ya jira wani ya sha kofi ba. Wani ya kawo batun wuta, tun da an mayar da 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ga man janareta tun bayan cire tallafi. Har labarin Luckin Coffee na China aka jawo, kamfanin da aka gano a 2020 yana ƙirƙirar cinikin ƙarya, kuma wannan kwatancen ya yi mini zafi ƙwarai, domin mu ko kwabo ba mu ƙirƙira ba. Dattijon Kwari ne kaɗai bai ɗaga murya ba. Ya ce a kasuwa ba a sayar da kaya da farashin jiya, ana sayarwa ne da farashin da za a sake sarowa gobe, kuma kowane yaron shago a kasuwar Singa ya san haka. Akawunmu mai digiri bai taɓa faɗa mana wannan ba, ko da yake shi ma abin da aka koya masa ya bi.

Duk wanda zai shiga wannan harka da kuɗin mutane, shawarata ita ce ya ƙidaya jarinsa da buhu. Rahoton da nake kai wa masu jarinmu yanzu yana farawa ne da yawan kilon ɗanyen kofi da kuɗinmu za su iya saya a yau, kuma mun rubuta a yarjejeniya cewa ba za a raba riba ba sai an fara cike gurbin abin da aka sayar. Otal-otal kuma mun daina ba su farashin shekara guda, muna sabunta shi duk wata uku. Wasu sun gudu, kuma ban yi kewarsu ba. Ba ma soya kaya sai an yi oda.

Maganar da ta rage tsakaninmu da masu jari ita ce ta Mambila. A tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, wajen Gembu, ana noman arabika, kuma da naira ake sayensa, wanda hakan zai rage mana dogaro da Wapa. Na ɗanɗana wanda ya burge ni, na kuma ɗanɗana wanda aka tsinke shi ɗanye da nunanne a haɗe aka shanya a ƙasa, har ƙamshin ƙura yana fita a kofin. Masu jari suna son mu koma can gaba ɗaya, ni kuma na amince da a fara da kaso kaɗan, mu biya manoma ƙari a kan tsintar nunannun 'ya'ya kawai da shanya su a kan gadon shanya maimakon ƙasa, mu ga ko ingancin zai tsaya daidai daga kaka zuwa kaka. A kan yawan wannan kason ne har yanzu ba mu daidaita ba.