Asuwaki, kanumfari da danƙon da ke manne wa haƙori

Duk wanda ya taɓa wanke randar da ta kwana biyu da ruwa ya san santsin nan da ke manne a cikinta, wanda ɗauraya ba ta fitar da shi sai an sa hannu an dirje. Irin wannan shimfiɗa ce ke taruwa a kan haƙoranmu, kuma ita na fi so a riƙa tunawa duk lokacin da ake maganar itatuwan da ke kashe ƙwayoyin cutar baki.

A shekarar 1683, Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan ƙasar Holan mai ƙera madubin ƙara girma, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya ga ƙananan halittu suna motsi a cikinta. Ya kuma lura cewa ruwan tsamin da ya kurkure baki da shi na waje kawai ya kashe, bai ratsa zuwa ciki ba. Yau an san dalili. A cikin nau'o'in bakteriya sama da 700 da ake samu a bakin ɗan Adam akwai wadda ake kira Streptococcus mutans, wadda ke sarrafa sukari ta mayar da shi danƙo, ta gina wa kanta da maƙwabtanta katanga da shi, sannan ta riƙa fitar da tsamin da ke narkar da ɓawon haƙori har ya yi kogo. Ƙwayar da ke cikin wannan katanga ta fi wadda ke yawo a miyau jure magani nesa ba kusa ba.

Tsirrai kuwa suna da makamansu na gaskiya. Saiwar itacen arak, wato asuwakin da alhazai ke kawo tsarabarsa daga Makka, na ɗauke da sinadarin benzyl isothiocyanate, kuma shi ne ke ba da ɗan yajin da ake ji a harshe idan asuwakin sabo ne. Masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun nuna a 2011 cewa shi ne babban makamin wannan saiwa, kuma ya fi ƙarfi a kan bakteriyar da ke haddasa ciwon dasashi, irin su Porphyromonas gingivalis. Sai dai sinadari ne mai bin iska, saboda haka asuwakin da ya yi watanni a aljihu ya bushe ya rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Wannan ne ya sa nake ganin hikima a al'adar yanke bakinsa a buɗe sabon wuri. Kanumfari ma haka, domin man da ke cikinsa, mai suna eugenol, yana rage zogi yana kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har likitocin haƙori suna haɗa shi da wani farin gari su yi cikon wucin gadi. Ko ruwan kurkure baki na Listerine, ginshiƙinsa sinadarai huɗu ne da aka fara sani a jikin tsirrai, ciki har da na na'a-na'a da na itacen turare.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin ɗaukar sakamakon ɗakin gwaji a mayar da shi alkawari. Sau da yawa ana jiƙa ɓawon dogon yaro, ko marke, ko fasaƙwari, a ɗiga ruwansa a kan bakteriyar da aka shuka a faranti, a ga ta mutu, sai a yi shelar an samo maganin ciwon haƙori. Amma ƙwayar faranti ba ta da katanga, ba ta da miyau da zai wanke maganin cikin 'yan mintuna, kuma ba ta zaune tare da ɗaruruwan 'yan'uwanta. Waɗannan itatuwa namu sun cancanci a gwada su a kan shimfiɗar da ta riga ta kafu, sannan a bakin mutane na tsawon watanni, a auna jinin dasashi da yawan sabon kogo, domin ta haka ne kaɗai za mu san wanne ya fi, kuma nawa ne adadin da ba zai ƙona fatar baki ba. Man kanumfari tsantsa, alal misali, yana iya yi wa dasashi rauni, musamman na yara.

A ganina, fifikon asuwaki yana cikin haɗa aiki biyu a lokaci guda: zaruruwansa suna fasa katangar, sinadarinsa kuma ya samu hanyar isa ga abin da ke ciki. Mai yin sa kafin kowace salla yana rushe ginin sau biyar a yini, tun bai yi ƙwari ba. Ni dai ina haɗa shi da man goge baki mai fulorayid safe da dare, saboda sinadarin fulorayid ne ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Dauɗar da ta riga ta daskare ta zama kamar dutse a gindin haƙori kuwa, sai likita ya kankare ta da kayan aikinsa.